Kurɓi Ɗaya Domin Malam Jibrin

Tun ranar Lahadi Malam Jibrin ya juya fuskarsa ga bango, har wayewar garin Laraba bai juyo da ita ba. Kunun gyaɗar da Marta ta dama masa ya huce a kan teburi har ya yi ɓawo. Ta ɗumama, ya sake hucewa. Ta kira shi Baba, ta kira shi Malam, ta yi masa kirarin da marigayiya mahaifiyarta kan yi masa, amma in ban da ƙarar tukunyar iskar da ke gefen gadonsa, babu abin da ya amsa mata.

Marta ita ce 'yarsa ta fari. Shekararta takwas tana aikin buga takardu a ofishin jakadancin Najeriya a Alkahira, tana zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene a Hadayek el-Maadi. A farkon shekarar 2013 ta je Wusasa ta ɗauko tsohon, saboda asmar da yake fama da ita tun yana saurayi ta cinye masa huhu. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana hidima a cocinsu. Shi ne mai bin bayan Rabaran da ƙoƙon ruwan inabi ranar Jibin Ubangiji, ya miƙa wa wannan ya kurɓa, ya goge bakin ƙoƙon da farin ƙyalle, ya miƙa wa na gaba.

Abin ya faru ne a watan Mayu, a wani coci da ke Maadi. Ya durƙusa, aka ba shi gurasa ya ci, aka miƙa masa ƙoƙo ya kurɓa. Kafin ya koma bencinsa ƙirjinsa ya kulle. Leɓensa ya yi shuɗi, idonsa ya firfito, sai ranga-ranga aka fita da shi. Kwana uku ya yi a asibiti. Likita ya ce wani sinadari ne da ake kira salfait, wanda masu yin ruwan inabi ke zubawa don kada ya lalace a kwalba. Da can jikinsa na jurewa, iyaka ya yi tari ya wuce. Yanzu huhun ba shi da sauran ƙarfin faɗa.

"Khalas, shi ke nan," in ji likitan. "Ko ɗigo kada ya ƙara."

Wata uku ke nan gurasa kawai yake karɓa, bai taɓa yin ƙorafi ba. Sai a tsakiyar watan Agusta, a makon da aka zubar da jini a birnin har aka sa dokar hana fita daga ƙarfe bakwai na yamma, likitan da ke duba shi a asibiti ya ja Marta gefe ya ce ta mai da shi gidanta, makonni ne suka rage, ƙila ma ba su kai ba. Ba ta gaya wa tsohon ba, amma ya karanta a fuskarta.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "abu ɗaya nake roƙonki. Kada in tafi ban sha ƙoƙon ba."

To ranar Lahadi Rabaran na cocin Maadi ya zo gida, wani dogon mutumin Sudan ta Kudu mai sanyin murya. Marta ta tare shi a bakin ƙofa ta nuna masa ruwan ɗanyen inabin da ta matse da hannunta ta tace da safe, wanda bai tsima ba, don a zuba a ƙoƙon. Ya duba, ya ce ai akwai majami'un da haka suke yi, ba laifi ba ne. Aka yi addu'a, aka miƙa wa tsohon. Ƙoƙon bai ma taɓa leɓensa ba, ya shinshina, ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"Ni za ki yi wa wayo, Uwata? Ni da na tsufa da ƙanshin nan a hancina?"

"Baba, wancan zai kashe ka."

"Wannan kuma zai raya ni? Ban ce Ubangiji ba ya karɓar wannan ba. Amma da kin gaya mini gaskiya, kin ce ba za ki iya ba, da na haƙura."

Daga nan ya juya ga bango.

Ranar Laraba da hantsi Mardiya ta shigo duba tukunyar iska kamar yadda ta saba. 'Yar Gusau ce, tana shekarar ƙarshe a fannin haɗa magunguna a jami'ar da ke Giza, ɗakinta na kallon na Marta. Tun da aka kawo Malam Jibrin ita ke yi masa allura, shi kuma yana tsokanarta da likitar Zamfara. Ta tarar da Marta zaune a ƙasan kicin ta haɗa kai da gwiwa.

"Anti Marta, har yanzu bai ci ba?"

"Ko ruwa sai na ɗiga masa da cokali. Mardiya, gaba kura, baya sayaki. In na ba shi na kashe shi. In na hana shi ya mutu yana fushi da ni. Wanne zan ɗauka in rayu da shi?"

Mardiya ta gyara hijabinta, ta zauna kusa da ita.

"Akwai abin da na sani, amma tun jiya nake juya shi a raina. Kin san a wurina giya haramun ce. Ba zan saya ba, ba zan taɓa kwalbar ba. Amma ilimi ne aka koya mini, kuma Baba na mutuwa da yunwa a gabana." Ta numfasa. "Ba duka ruwan inabi ne ake zuba wa sinadarin nan ba. Shi kansa in yana tsima yakan fitar da ɗan kaɗan, wannan ba makawa. Mai yawan, wanda ke shaƙe irin su Baba, ƙara shi ake yi. Akwai masu yi ba su ƙara ba. A Turai masu asma da masu ciwon kai shi suke nema."

Marta ta cafke hannunta. "A ina ake samu?"

"Ban sani ba, wallahi. Kuma ki ji ni da kyau, kaɗan ba babu ba ne. Huhun Baba zai iya ƙin ko kaɗan ɗin."

Mardiya ta yago takarda ta rubuta sunan sinadarin da Larabci da Turanci da Faransanci, ta ja layi a ƙarƙashi. "In kin ga wannan a bayan kwalba da kalmar yana ɗauke da, ajiye. Ki nemi wadda aka rubuta ba a ƙara ba."

Wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Marta ta yi waya ofis ta ce ba za ta zo ba, ta bar tsohon a hannun Mardiya, ta fita.

Shagunan giya biyu da ta sani a Maadi duk a rufe, an saukar da ƙofofin ƙarfe, ɗaya ma an cire allon sunansa don tsoron masu ƙone-ƙone. Ta shiga wani otel a bakin Nilu, mai kula da wurin shan giya ya ɗauko mata kwalabe shida, ta juya bayan kowace, kalmar na nan kamar an buga mata hatimi. Ta tuna kantin da ake sayar wa baƙi kayan waje, ta je, aka buɗe fasfonta aka ce sai wanda ya sauka ƙasar cikin kwana biyu. Ta kira wata Comfort, matar wani babba a ofishinsu da ke yawan karɓar baƙi, ta ce ta kwashe yara sun koma Abuja tun ranar Juma'a. Ta kira wata Bafaranshiya da suka taɓa haɗuwa a coci, wayar a kashe. Duk wanda zai iya sanin irin wannan abu ya bar garin.

Da ta dawo da la'asar ƙafafunta sun kumbura. Ta leƙa ɗakin. Ƙashin kafaɗar tsohon ya fito ta cikin riga kamar maratayi.

"Baba, ina nema. Na rantse ina nema."

Bai motsa ba.

Alhamis da sassafe ta hau jirgin ƙasa zuwa Wustul Balad, tsakiyar birnin. Jirgin ya wuce tashar dandalin Tahrir a guje cikin duhu, don an rufe ta, sai a ta gaba ta sauka. Motocin soja a kowace mahaɗa, titunan da a da ba a samun wurin sa ƙafa yau kana jin takun takalminka. Ta shiga lungu ta fita lungu tana tambayar masu gadin gidaje. Wani ya tofar da yawu ya kau da kai. Wani ya dube ta sama da ƙasa, baƙar mace ita kaɗai tana neman giya da rana tsaka, ya yi wata dariya da ta sa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Na ukun ne ya nuna mata wata ƙofar ƙarfe da aka ɗaga iya gwiwa.

"Ammu Munir. In zai buɗe miki."

Ta durƙusa ta leƙa. "Ya Ammu, don Allah."

"Mun rufe."

"Mahaifina na mutuwa."

Can ƙofar ta ɗaga zuwa ƙugu. Ta sunkuya ta shiga. Tsoho ne mai furfura, da zanen ƙaramin gicciye a wuyan hannunsa irin na Kibɗawa, Kiristocin Masar, yana cusa kwalabe cikin kwalaye yana shirin kwashe su. Ta miƙa masa takardar Mardiya, ta zayyana masa komai da Larabcinta mai gargada. Ya sa tabarau ya karanta, ya girgiza kai.

"Ya binti, 'yata, shekara talatin ina wannan sana'a. Irin wannan sau biyu na taɓa kawo shi, don wani Baitaliye mai ciwon ƙirji. Ba ya jure zafi, ba ya jure tafiya, wata uku ya zama ruwan tsami. Tun juyin juya hali ko na kullum ba ya shigowa. Ma'alish, ki yi haƙuri."

Marta ta dafa kanta. Ba ta yi niyyar kuka a gaban baƙo ba, amma ta zame ta zauna a kan wani kwali. Kukan da ta riƙe tun Lahadi ya ɓalle, mai sauti, har Munir ya yi sauri ya sauke ƙofar don kada a ji a waje.

"Ba don shaye-shaye ba ne," ta ce tana shessheƙa. "Kurɓi ɗaya ne. Na Jibin Ubangiji."

Ya tsaya da kwalba a hannu. "Na bagadi kike nufi? To me ya hana ki faɗa tun farko?" Ya ajiye kwalbar. "Mu namu ba daga kamfani yake zuwa ba. Abarka muke ce masa. Yayata Demiana ita ke yi wa cocin unguwarsu a Giza, da baƙin zabibin da aka shanya a rana, da ruwa, shi ke nan. Ba ta san sunan wannan abin naki ba, balle ta zuba." Ya rufe kwalin. "An ƙone cocin makon jiya. Ban sani ba ko za ta saurare ki. Ko ni ba ta cika yi wa magana ba yanzu."

Ya zana mata hanya a bayan takardar Mardiya.

Ƙarfe uku ta wuce kafin ta gano gidan, bayan jirgi, da ƙaramar bas da suke kira mikrobas, da tafiyar ƙasa cikin lungunan da ta ɓace a ciki sau biyu. Ta wuce ta gaban cocin. Bangon ya yi baƙi ƙirin, babu ƙofa, ƙaurin hayaƙi bai gama fita ba. Demiana ta buɗe mata iya tsawon sarƙar ƙofa. Gajeriyar tsohuwa ce cikin baƙaƙen kaya, idanunta a bushe. Ta saurara har ƙarshe.

"A'a," ta ce. "Abarka ta bagadi ce, ba ta sayarwa ba. Tulu ɗaya ya rage mini, kuma na ajiye shi ne don ranar da za mu sake yin sujada a can. Ke ma ba 'yar cocinmu ba ce."

"Ba 'yar cocinku ba ce ni, gaskiya ne."

"To?"

Duk maganganun da Marta ta tsara a cikin mota suka gudu. Ta durƙusa a kan matakalar, gwiwa biyu, ta kama bakin ƙofar da hannu biyu.

"Ya Sitti, uwargida, ba ni da inda zan je daga nan. Na yi masa ƙarya ya kama ni. Kwana biyar bai ci ba. Ki ba ni ko cikin murfin kwalba, ko ki rufe ƙofar a kan yatsuna, don ba zan cire su ba."

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi yatsun.

"In ya sha ya mutu fa?"

"Ai mutuwar yake yi."

"Ba wannan na tambaye ki ba. In ya mutu da abin da hannuna ya yi, a hannunki, za ki iya ɗauka?"

"Ban sani ba," in ji Marta.

Ƙofar ta rufe. Marta ta janye yatsunta da ƙyar, ta kifa goshi a kan katakon. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Sai ta ji an zare sarƙa. Demiana ta fito da wata ƙaramar kwalbar maganin tari da aka wanke, cike da wani abu ja mai duhu, an naɗe ta da tsumma mai jiƙe.

"Kwana arba'in da biyar ke nan da na haɗa shi. Kada zafi ya taɓa shi. Menene sunan mahaifin naki?"

"Jibrin."

"Gubriyal," ta maimaita da irin nasu lafazin. "Yalla, tafi. Shida ta kusa."

Komawar ta fi zuwan wuya. Mikrobas ya ƙi tsayawa, kowa na gudun gida. Ta yi gudu da takalmi a hannu har tasha. Da yake tashar da ake canjin jirgi a rufe take, sai da ta wuce can arewa ta sauka, ta kutsa cikin turmutsutsun mutane ta kamo mai zuwa kudu. Ta rungume jakar a ƙirji kamar jinjiri, ana matse ta ta ko'ina, ita dai addu'arta kada kwalbar ta fashe. A bakin tashar Hadayek el-Maadi wani soja ya ce ta buɗe jaka. Ya warware tsumman, ya ɗaga kwalbar yana dubawa a hasken yamma.

"Menene wannan?"

"Na babana ne. Ba shi da lafiya."

Ya miƙa mata. "Saura minti goma. Yi sauri, ya madam."

Da ta shiga ɗakin ba ta ko cire mayafi ba. Ta zagaya ta tsakanin gado da bango, ta tsuguna inda dole tsohon ya gan ta, ta buɗe murfin ta kai kusa da hancinsa.

"Baba, wannan ba ƙarya. Amma zan gaya maka duka. Zai iya shaƙe ka. Mardiya ta ce babu tabbas."

Hancinsa ya motsa. Idanun da suka zurma suka buɗe a hankali.

"Wa ya yi wannan?"

"Wata tsohuwa da aka ƙone wa coci."

Ya lumshe ido. "Kira Rabaran."

Juma'a da ƙarfe takwas na safe Rabaran ya iso, kafin tituna su rikice. Mardiya ta zo da na'urar shaƙa ta haɗa ta, ta zuƙi allura ta ajiye a faranti, sannan ta koma bakin ƙofar ɗakin ta tsaya, ta juya baya, hannunta a kan marikin.

"Ɗigo ɗaya tukuna a leɓe," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "A jira minti goma sha biyar. In kun ji ya fara shaƙewa ku kira ni."

Aka ɗiga masa. Marta ta ƙura wa ƙirjinsa ido tana ƙirga numfashi, ɗaya na bin ɗaya kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Minti goma sha biyar suka wuce. Rabaran ya karanta kalmomin, ya gutsura gurasa, ya ɗauki ƙoƙo. Malam Jibrin ya ɗaga hannayensa biyu ya ce shi zai riƙe da kansa. Ya riƙe. Ya kurɓa sau ɗaya, ya haɗiye, ya miƙo hannu aka ba shi ƙyalle, ya goge bakin ƙoƙon, ya miƙa wa Marta.

Tana cikin kurɓa ta ji sautin. Wani siririn fito daga ƙirjinsa.

"Mardiya!"

Kafin ta rufe baki yarinyar ta iso gadon, ta ɗora masa abin shaƙa a fuska, ta tallafo bayansa. Ya yi tari, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, yatsunsa suka nutse a hannun Marta. Rabaran na addu'a da Larabci, Mardiya na karanta tata a ƙasan maƙoshi, Marta kuwa ba abin da ke fita daga bakinta sai Baba, Baba, Baba. Kusan rabin awa ana haka. Daga nan fiton ya fara sauka, ya yi ƙasa, ya ɓace. Allurar na nan a faranti ba a taɓa ta ba.

Ya janye abin shaƙar da kansa. "Ya yi zaƙi da yawa," ya ce da dasasshiyar murya. "Amma shi ne."

Ranar ya yi hira. Ya ba Rabaran labarin yadda aka yi rufin cocinsu na Wusasa, ya sa Marta ta kira ƙannenta ɗaya bayan ɗaya ya sa musu albarka. Asabar ya yi barci mafi yawan yini. Lahadi ya daina gane mutane. Talata da hantsi, Marta na goge masa fuska, numfashin ya fita bai dawo ba.

Kwana tara aka yi ana takardun fitar da gawa. Ranar tafiya Mardiya ta taya ta sauko da akwatuna, suka tsaya a bakin bene suna jiran motar ofis. Marta ta juyo ta dube ta.

"Likita ya ce makonni. Kwana huɗu ya yi bayan ya sha. Na tambaye shi ko abin ne ya rage masa kwana, ya ɗaga kafaɗa. Ke ki gaya mini, Mardiya. Ni ce?"

Idon Mardiya ya ciko. "Anti, da na sani da na gaya miki, ko da mai ɗaci ne. Ban sani ba. Babu wanda ya sani sai Allah."

Marta ta gyaɗa kai. Motar ta shawo kwana tana hon. Direban ya fito ya ce su yi sauri, an riga an wuce da akwatin gawar filin jirgi, kuma akwai shingen sojoji uku a hanya.